Wa ke da izinin yi wa wa magana a littattafan Indiyawa?

Tambayar da wata ɗaliba ta turo ita ce: "Malam don Allah an ba mu aiki a makaranta kan yadda ƙagaggun labaran Indiya ke nuna sadarwa da kuma yadda mutum ke koyon zama da jama'a. Ni dai finafinansu na sani, littafinsu ko ɗaya ban taɓa buɗewa ba. Ta ina zan kama?"

Toh ƙanwata, abu na farko ki ɗan ajiye fim ɗin a gefe tukuna, don zai iya ɓatar da ke. Fim ɗin Indiya baki ne da shi, jarumi sai ya tsaya gaban ubansa ya zazzage duk abun da ke cikinsa ana kiɗa a baya, uwa tana kuka, kowa ya ji kowa ya gane. Littattafansu ba haka suke ba sam. Abun da na fi lura da shi tunda nake karanta su ina kuma koyar da su shi ne, da wuya ki ga babban saƙo ya tashi daga bakin mai shi ya sauka kai tsaye a kunnen wanda aka nufa. Ko dai ya bi ta hannun wani na uku, ko ya shiga wasiƙa, ko a cusa shi cikin abinci, ko kuma ya maƙale a maƙoshi shekara ashirin. Don haka duk littafin da kika ɗauka ki riƙa tambayar kanki: a gidan nan, a garin nan, wa ke da izinin yi wa wa magana, da wace irin murya, kuma daga wace tazara? Yaro a labaran nan ba wa'azi ake zaunar da shi a yi masa ba kafin ya san matsayinsa, daga yadda ake kiransa da yadda aka bari ya kira wasu yake ganewa. Kinga sadarwar da tarbiyyar da aka raba miki su gida biyu a takardar aiki, a cikin littattafan a cakuɗe suke.

Ki kuma sani ba harshe ɗaya ake nufi ba in an ce adabin Indiya. Tsarin mulkinsu kaɗai ya lissafa harsuna 22, hukumar adabinsu ta ƙasa wato Sahitya Akademi kuma tana ba da kyauta a harsuna 24. Akwai masu rubutu da Hindi, Urdu, Bangla, Tamil, Kannada da sauransu, ga kuma masu rubutu da Ingilishi waɗanda su muka fi samu a nan. Zan gauraya miki su.

Ni da R. K. Narayan nake so ɗalibi ya fara, don Ingilishinsa mai sauƙi ne kuma baya ɗaga murya. Ya ƙirƙiri wani gari a kudancin Indiya ya sa masa suna Malgudi, tun daga littafinsa na farko a 1935 kusan duk labaransa a nan suke faruwa. Ki nemi The Vendor of Sweets na 1967. Wani dattijo ne mai suna Jagan, yana da shagon kayan zaƙi, mabiyin Gandhi ne na gani-kashe-ni, matarsa ta rasu ta bar shi da ɗa ɗaya tilo, Mali. Gida ɗaya suke kwana su tashi, amma wallahi in Jagan yana son ya san me ɗansa ke ciki sai ya jira wani mutum da ke zuwa shagon kullum yana ɗanɗana alawa kyauta, wanda ko suna marubucin bai ba shi ba, ɗan'uwa kawai ake ce masa, kuma kowa a garin ɗan'uwansa ne. Shi wannan mutumin ne zai ji ta bakin Mali ya kawo wa uban, ya ji ta bakin uban ya kai wa Mali. Dalilin da yaron ya bar kwaleji, cewa yana son zama marubuci, cewa zai tafi Amurka, duk ta bakin ɗan'uwan nan bayanin ke fitowa, Jagan kuma don kar a ce bai san halin ɗansa ba sai ya riƙa nuna kamar dama ya sani. Abun dariya abun tausayi, sai da Mali ya tsallaka Amurka sannan ya fara yi wa uban doguwar magana, ta wasiƙa, uban ya riƙa yawo da wasiƙun yana karanta wa duk wanda ya tsaya, har ranar da ɗaya ta zo tana cewa yaron ya fara cin naman shanu, wannan kam sai ya ɓoye ta. Da Mali ya dawo da wata mace mai suna Grace sai shirun ya dawo sabo, yanzu ma ita Grace ɗin ce ta zama wata 'yar aiken. Narayan bai ce uban mugu ne ba, bai ce ɗan ne kaɗai ya lalace ba. Mutum biyu ne da ba a taɓa koya musu yadda uba da ɗa ke zama su kalli juna su yi zance ba, Jagan yana tsoron kar ya ɓata wa yaron rai har tsoron ya zama katanga.

Akwai wani gajeren labarinsa kuma a cikin Malgudi Days, The Missing Mail, na wani mai raba wasiƙu Thanappa wanda ya san sirrin kowane gida a unguwarsa don a gabansa ake buɗe wasiƙa a karanta. Ana dab da ɗaurin auren wata yarinya da aka sha wuya kafin a samo mata miji, sai ga saƙo cewa kawun babanta ba shi da lafiya, sai ga wani cewa ya rasu. Mutumin nan ya danne saƙonnin a jakarsa har aka gama biki sannan ya kawo ya faɗi gaskiya. A dokar aiki laifi ne da zai iya cin aikinsa, a dokar zaman unguwa kuma ya ceci auren. In kina neman misali ɗaya ƙarami da za ki warware a shafi biyu, ga shi nan.

Sai maganar kira da suna, wadda nan ne na san za ki ji kamar a gidanku ake labarin. A Hindi da Urdu "kai" ko "ke" kala uku ne: tu, tum, aap. Na farkon na yaro ne ko na wanda aka raina ko na wanda aka shaƙu da shi matuƙa, na tsakiyar na tsara ne da na ƙasa da kai, na ƙarshen na girmamawa. Miji zai iya ce wa matarsa tum ita kuma ta mayar masa da aap, mai gida ya ce wa bara tu ko da baran ya haife shi. Yaro kafin ya shiga makaranta ya riga ya haddace wannan tsanin ba tare da an ce masa darasi ne ba. Haka dangi, kowa da sunansa: ƙanin uba daban, wan uba daban, ɗan'uwan uwa daban, kakanni na wajen uba da na wajen uwa daban, kuma kowane suna da irin muryar da ake ɗauka a yi magana da mai shi. Amarya a arewacin Indiya tana iya wasa da ƙanin mijinta amma wan miji sai ta ja lulluɓi ta rufe fuska. In kina karanta fassarar Ingilishi duk wannan sai ya baje ya zama abu ɗaya, shi yasa sai kin sa ido a kan wasu alamomin, wa ya zauna wa ya tsaya, wa ya fara ci.

Jhumpa Lahiri, wadda iyayenta 'yan Bengal ne amma a Amurka ta tashi, da wannan ta buɗe The Namesake na 2003. Ashima tana kicin a wani ɗan gida a Cambridge ta jihar Massachusetts a 1968, naƙuda ta taso mata, mijinta Ashoke yana ɗaki yana karatu, amma ko a wannan halin ba ta kira sunansa ba, sai ta yi irin kiran nan na matan Bengal mai ma'anar kana jina kuwa. Ba sai na yi miki dogon bayani ba, kin san iyayenmu mata da ba sa faɗin sunan miji sai dai malam ko mai gida ko baban wane, ga kuma alkunyar ɗan fari, kusan abu ɗaya ne. Inda labarin ya ɗauki zafi shi ne sunan jaririn. Kakar Ashima ce za ta zaɓa, ta rubuto a wasiƙa daga Kalkata, wasiƙar ta ɓace a hanya ba ta taɓa isowa ba, asibiti kuma suka ce ba a fita da jariri sai da suna a takardar haihuwa. Sai uban ya ce a sa Gogol na wucin gadi, sunan wani marubucin Rasha. Su a al'adarsu mutum suna biyu gare shi, na gida da 'yan'uwa ke kira da kuma na kirki da ake fita da shi duniya, sai ga na gidan ya zama na makaranta da na fasfo. Yaron ya tashi yana jin kunyar sunan har ya je kotu ya canza, alhali uban yana da dalili mai nauyi: littafin wannan marubucin ne a hannunsa ranar da jirgin ƙasa ya yi hatsari da shi a Indiya, takardar littafin ce masu ceto suka hango suka zaƙulo shi. Ki duba fa, labarin da zai warware wa yaron komai, uban ya riƙe shi a ciki har sai da yaron ya kai jami'a, wata rana a cikin mota, sannan ya faɗa. Ashoke ba mai zafi ba ne, mutum ne mai taushi, kawai dai an gina shi a kan cewa uba baya buɗe rauninsa gaban ɗa.

Ta ɓangaren tarbiyyar 'ya mace kuwa littattafan da kansu sun taɓa zama kayan aikin tarbiyyar kafin su juyo su fara tuhumarta. A 1869 Nazir Ahmad na Delhi ya fitar da Mirat-ul-Uroos da Urdu, wanda da yawa ke lissafawa a matsayin ƙagaggen littafi na farko a harshen, kuma 'ya'yansa mata ya fara rubuta wa. Ya da ƙanwa ne, Akbari da Asghari, aka aurar da su gida ɗaya. Babbar sangartacciya, bakinta baya shiru, ta hargitsa gida, ƙaramar kuma ta san lokacin magana da lokacin kamewa har ta zama ita ke juya gidan. Saƙon a fili yake. Shekara 45 bayan haka, a 1914, Rabindranath Tagore ya rubuta Streer Patra da Bangla, wato wasiƙar matar aure, kuma wannan in kin samu ki karanta shi sau biyu. Mrinal ta shekara 15 a gidan miji a Kalkata, ba wanda ke kiran sunanta, matsayinta ake kira, amaryar ɗa na biyu. Tana rubuta waƙoƙi a ɓoye ba wanda ya sani. Wata marainiya Bindu ta raɓu da ita, dangin suka gaji da ciyar da ita suka aurar da ita ga mai taɓin hankali, ƙarshe yarinyar ta cinna wa kanta wuta. Mrinal ta nemi izinin zuwa ziyarar ibada garin Puri, daga can ta rubuto wa mijin wasiƙa, ta farko tunda aka yi auren, ta ce ba za ta dawo ba, ta sa hannu da sunanta na yanka. Abun lura, duk abun da ke cikin wasiƙar nan ba za ta iya faɗinsa a tsakar gida ba ko da ta so, babu wurin zama ko lokaci a tsarin gidan da aka ware don mace ta yi wa miji magana mai tsawon haka. Sai da ta yi nisa ta samu baki, kamar dai Mali.

Wanda ya fi shiga cikin shirun kansa ya tona shi, a ganina, Shashi Deshpande ce a That Long Silence na 1988. Jaya mai ilimi ce, tana rubutu, ta shekara 17 da Mohan. Ranar aure mijin ya canza mata suna zuwa Suhasini, al'ada ce a wasu yankunan, sai ta zama kamar mutum biyu a jiki ɗaya. Wata gwaggonta ta ja mata kunne tun farko cewa miji kamar bishiya ce mai inuwa. An zargi Mohan da wata badaƙala a wurin aiki, suka koma wani ƙaramin gida a unguwar Dadar a Bombay suna jiran ƙura ta lafa, to a nan ne da babu hidimar yau da kullum da za su ɓuya a bayanta suka gane ba su da abun cewa da juna. Akwai wani wuri da nake so ki sa wa alama. Mohan yana ba ta labarin mahaifiyarsa, yadda takan jira uban har dare, wata rana ya dawo ya ga babu wani ɗan mahaɗin abinci da yake so sai ya yi jifa da farantin ya fice, matar ba ta ce uffan ba, ta share wurin ta sake hura wuta ta ɗora sabon girki. Shi Mohan da alfahari yake ba da labarin, ƙarfin hali yake gani. Jaya kuma da ta saurara sai ta ga mace ce da ta yanke ƙauna. Shiru ɗaya, fassara biyu, kuma da fassararsa ya shigo aure yana jiran irin wannan shirun daga matarsa. Kinga yadda tarbiyya ke tsallakawa daga gida zuwa gida ba tare da kowa ya buɗe baki ya ce ga doka ba.

Amma kar ki yi saurin yanke cewa duk shiru a littattafan nan zalunci ne, ɗalibai suna yawan faɗawa nan. Rashin kiran sunan da Ashima ke yi babu tsoro a ciki, Lahiri ta nuna shi a matsayin wani abu na kusanci da ake adanawa, auren nasu ma ya fi na ɗan nasu da ake faɗin komai a fili ƙarko. Shirun uwar Mohan kuma wani abu ne daban. Aikinki shi ne ki bambance wanne ne mutum zai iya fasawa in ya ga dama, wanne ne in ya fasa zai ɗanɗana kuɗarsa.

Yanzu ga inda abun ya fi muni, kuma inda fim ɗin da muka saba gani ya fi kawar da kai: tsarin asali da suke kira jati, inda ake haifar mutum cikin wani rukuni da sana'arsa da matsayinsa, a can ƙasa kuma akwai waɗanda aka ce ko taɓa su ƙazanta ne, su ne ke kiran kansu Dalit a yau. Tsarin mulkin 1950 ya haramta wannan ƙyamar a sashe na 17, amma doka daban zaman gari daban. Mulk Raj Anand ya fitar da Untouchable a 1935, labarin yini ɗaya tak a rayuwar Bakha, saurayi ɗan shekara 18 mai wanke masai. Shi maganar da aka koya masa tun yana ƙarami ita ce shelar kansa, in yana tafiya a titi dole ya riƙa ɗaga murya yana sanar da cewa ga mai shara nan tafe don mutane su kauce. In zai sayi abu sai ya ajiye kuɗin, mai shago ya yayyafa musu ruwa kafin ya ɗauka, sannan ya jefo masa kayan daga nesa. Ranar ya sayi jalebi, wani kayan zaƙi, daɗin ya ɗauke masa hankali ya manta bai yi shelar ba, sai ya gogi wani mutum. Nan fa jama'a suka yi masa zobe ana zagi, ga shi ƙaƙƙarfa da zai iya ture su ya wuce amma ba dama, don ture su ma wani sabon laifin taɓawa ne, mutumin ya kwaɗa masa mari jalebin ya zube a ƙasa. Wanda ya yi masa magana mai daɗi a wurin wani Musulmi ne mai keken doki. Ƙanwarsa Sohini kuma tana can bakin rijiya da tulu tana jiran wani mai asali ya zo ya ji tausayi ya ɗebo ya zuba mata, don ita ba ta isa ta hau bakin rijiyar ba. Premchand, babban marubucin Hindi da Urdu da ya rasu a 1936, yana da gajeren labari mai kama da wannan, Thakur ka Kuan, inda Gangi ta lallaɓa da dare rijiyar mai gari don mijinta na kwance ba lafiya ruwan rijiyarsu kuma ya yi wari, tana cikin jan guga ƙofa ta buɗe, ta saki igiya ta ruga, ta iso gida ta tarar da shi yana shan ruwan mai warin. Ba wanda ya kama ta ko ya taɓa ta. Ƙarar buɗe ƙofa ta wadatar.

Arundhati Roy ta kawo abun cikin gidan Kiristoci a Kerala a The God of Small Things na 1997, wanda ya ci kyautar adabi ta Booker, don ki san ba Hindu kaɗai abun ya shafa ba. Kakar gidan tana ba jikokinta labarin zamanin da irin su Velutha, kafintan gidan wanda ɗan Dalit ne, sai sun rufe baki da hannu in za su yi magana don kar numfashinsu ya taɓa na gabansu, su riƙa ja da baya suna share sawunsu da tsintsiya. Tagwayen labarin, Estha da Rahel, shekararsu 7, kuma littafin kusan gaba ɗaya darasi ne kan yadda manya ke koya wa yara cewa magana tana da farashi. Rahel ta yi wa uwarta wata maganar rashin kunya, uwar ta ce mata in kina faɗin abun da ke ɓata wa mutane rai son da suke miki raguwa yake yi kaɗan, yarinyar ta kwashi wannan ta riƙa auna son da ake mata da shi. Wata tsohuwa a gidan, Baby Kochamma, tana laɓewa ta ji ko suna Malayalam, harshensu, in ta kama su ta ci su tara ta sa su rubuta sau ɗari cewa Ingilishi za su riƙa yi. Ita ce kuma ta tsorata Estha a ofishin 'yan sanda har ya ce "eh" ga ƙaryar da aka ɗora wa Velutha da aka riga aka yi wa dukan mutuwa. Bayan wannan kalma ɗaya aka tura yaron wurin ubansa, magana ta riƙa raguwa a bakinsa a hankali har ta ƙare ɗungurungum ba wanda ya lura da ranar da ya daina. Gaskiya salon Roy yana da ado da yawa, wani lokacin har ya gundure ni, amma a kan batunki babu kamarsa.

Sai dai ki lura, Anand da Premchand da Roy duk ba Dalit ba ne, kuma marubutan Dalit sun daɗe suna ƙorafin cewa a irin waɗannan littattafan tausayinsu ake ji amma ba a barinsu su yi magana. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Ƙarshen Untouchable Bakha tsaye yake cikin taro yana sauraren Gandhi, sannan yana sauraren wasu 'yan boko biyu suna gardama kan makomarsa, har da batun masai mai ruwa da zai raba shi da kwasar kashi, shi dai kunne ne kawai. In kika buɗe Sangati na Bama, 'yar Dalit Kirista daga Tamil Nadu, wanda ya fito da Tamil a 1994, sai ki ji wata duniya daban. Matan ciki ba su san wani shiru ba, masifa suke da ashar a tsakiyar titi, akwai wadda in mijinta ya taso dukanta sai ta buɗe baki ta surfa masa zagin da zai sa ya ja da baya don kunya, ta kuma faɗa wa masu kallo cewa ba don bakin nan nata ba da tuni ya kashe ta. Wato shirun nan da ake yabo a matsayin adon mace, na gidajen masu asali ne, macen da ke fita gona da asuba ta yi aikin lada ba ta da wannan alatun. In kika haɗa Jaya ta Deshpande da matan Bama a aikinki kin samu abun rubutawa mai nama.

Suna ma kansa saƙo ne a wurinsu, yana faɗin addini da jati da yanki kafin mai shi ya buɗe baki. A cikin A Suitable Boy na Vikram Seth, 1993, ƙaton littafi ne kar ki ce za ki gama shi kafin ranar miƙa aiki, Lata, 'yar Hindu, ta kamu da son wani ɗan jami'a Kabir, sunan da Hindu da Musulmi duk suna sawa, sai da ƙawarta ta binciko sunan gidansu Durrani ne sannan ta gane Musulmi ne, kuma a Indiyar 1951 da ba a daɗe da raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, ba wannan kaɗai ya isa. A The White Tiger na Aravind Adiga, 2008, direban da ke ba da labarin ko suna iyayensa ba su sa masa ba, yaro kawai suke ce masa, malamin makaranta ne ya raɗa masa Balram, sunan gidansu Halwai kuma yana shelar cewa masu yin alawa ne tun kaka da kakanni, shi yasa da ya je neman aikin tuƙi tambayar asalinsa aka yi. Yana gaba yana tuƙi, masu gida na baya suna sirrinsu da Ingilishi a zaton baya ji, shi kuwa a nan ya yi karatunsa. Labarin gaba ɗaya wasiƙu ne yake rubuta wa firaministan Chaina na lokacin, mutumin da ya san ba zai taɓa amsawa ba.

In kina son na kwanan nan kuma na Musulmi, ki nemi Heart Lamp na Banu Mushtaq, lauya ce daga jihar Karnataka da ke rubutu da Kannada, gajerun labarai 12 kan matan Musulmi a kudancin Indiya, Deepa Bhasthi ta fassara, ya ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2025. Kishiya, saki, kai ƙara wurin shugabannin masallaci a ƙi saurare, ba abun da zai zame miki baƙo. Hanyar ma ba ɗaya ba ce, a 2012 wani kamfanin ɗab'i a birnin Chennai mai suna Blaft ya buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, kinga su ma suna leƙo namu.

Shawarata kar ki jido duk waɗannan ki zuba a aiki ɗaya, malaminku zai ga jerin sunaye ne kawai. Ki ɗauki biyu ko uku da ke gardama da juna, misali wasiƙar Mrinal da Jaya da matan Bama in ɓangaren mata kike so, ko Jagan da Ashoke in uba da ɗa ne, ki zaɓi wuri ɗaya ɗaya a kowanne ki warware shi sosai: wa ke wurin, wa ya yi magana, wa ya yi shiru, ta hannun wa saƙon ya bi. Gajerun labaran Tagore da Premchand kowanne zama ɗaya ne kin gama. Tunda kin ce ke ta fim ce, an mayar da The Namesake fim a 2006, Mira Nair ta shirya da Tabu da Irrfan Khan, Malgudi Days kuma an yi shi shirin talabijin tun 1986. Ki kalla bayan kin karanta, ba kafin ba, kuma in za ki kafa hujja a takarda daga littafin za ki ɗauko, don a fim ɗin The Namesake ma an ɗauke iyalin daga Massachusetts an kai su New York.